Hawan dajin Bhimashankar da damina: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara, da ruwa ya sauka a watan Yuni, 'yan'uwanmu da ke karatu a Pune da waɗanda wata hidima ta kawo Mumbai sukan fara tambayata labarin Bhimashankar. Sau uku na taka hanyar da ƙafata, biyu cikin damina, ɗaya bayan ruwa ya ɗauke. Da yake tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, sai na tara su wuri guda na amsa gwargwadon abin da na gani da abin da mutanen yankin suka koya mini.

Ina ne Bhimashankar, kuma me ake zuwa gani?

Yana cikin jihar Maharashtra a yammacin Indiya, a kan jerin tsaunukan da mutanen wurin ke kira Sahyadri. Daga birnin Pune kilomita 110 ne da 'yan kai, ta arewa maso yamma, kuma wurin ya kusa mita 1,000 sama da teku. Akwai tsohon haikalin mabiya addinin Hindu a can, ɗaya daga cikin wurare 12 da suke kira jyotirlinga, waɗanda suka fi girmamawa wajen bautar Shiva. Dajin da ya kewaye haikalin gandu ne da gwamnati ta keɓe tun tsakiyar shekarun 1980, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 131. A nan ne kuma kogin Bhima yake tasowa, ya gangara kudu maso gabas har ya haɗu da kogin Krishna.

Tunda mota tana zuwa har kusa da haikalin, me zai sa mutum ya wahalar da ƙafarsa?

Gaskiya ne, daga Pune bas na kai mutum har sama, ta Manchar da Ghodegaon, kuma mafi yawan masu ziyara haka suke zuwa. Amma wanda ya zo a mota rumfunan 'yan kasuwa da layin mutane zai gani ya koma. Dajin yana ɓangaren yamma, inda tsaunin ya tsaya cak kamar bango yana kallon ƙasar Konkan, wato yankin bakin teku, kuma can ƙafa kaɗai ke zuwa.

Ba na manta wani wuri da muka tsaya a tafiyata ta farko, bayan kamar awa biyu da fara hawa. Hazo ya rufe mu har ba na ganin wanda ke gabana da taku goma, sai dai in ji ƙarar sandarsa a kan dutse. Sai iska ta taso daga ƙasa ta yaye hazon kamar an ja labule, ga bangon dutse baƙi ƙirin a gabanmu, ruwa na zubowa daga samansa ta wurare bakwai ko takwas, can ƙasa kuma gonakin shinkafa kore shar kamar an shimfiɗa tabarmi. Ko minti biyu ba a yi ba hazon ya dawo. Babu wanda ya ce uffan a cikinmu, sai wani ɗan'uwa da ya ce “Subhanallah” a hankali. Abin da ake hawa a gani ke nan, kuma da damina kawai ake samunsa.

Yaushe ne daminar tasu, kuma yaya ƙarfinta?

Daga Yuni zuwa Satumba. Iska ce ke kwaso ruwa daga Tekun Larabawa, ta zo ta ci karo da bangon Sahyadri, dole ta hau sama, ta yi sanyi, ta juye abin da ta ɗauko a kan tsaunin. Shi ya sa abin da ke sauka a nan cikin wata huɗu ya ninka na Kano na shekara guda sau da yawa. Kuma ba irin namu ba ne da hadari zai haɗu, a yi tsawa, a sheƙa shi awa ɗaya a ɗauke. A nan sai a kwana uku ana yi ba ƙaƙƙautawa, wani lokaci yayyafi, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. Yuli ne ya fi tsanani. Ni na fi son ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba: daji ya gama yin kore, ruwa na nan yana zuba daga duwatsu, amma rafuka sun ɗan lafa.

Wace hanya zan bi?

Masu zuwa daga Mumbai daga ƙauyen Khandas suke farawa, a yankin Karjat. Idan ka bar ƙauyen da kamar kilomita 2 za ka iske wata gada, a nan hanya ta rabu biyu. Ta dama ita ce Ganesh Ghat, ta hagu Shidi Ghat.

Ganesh Ghat ta fi tsawo amma hawanta da sauƙi-sauƙi. Ba nisa da farawa za ka wuce wani ɗan ƙaramin ɗakin bautar Ganesh, wanda daga shi hanyar ta samo suna, daga nan ka kewaya ta gindin wani tsinin dutse da ake kira Padargad, ka fito wani fili mai faɗi inda 'yan ƙauye ke kafa rumfunan shayi. Daga filin ne hawa na ƙarshe yake farawa, cikin daji mai duhu, kuma shi ne ya fi cin gwiwa. Mai matsakaicin ƙarfi yakan yi awa huɗu zuwa biyar.

Shidi Ghat kuwa, “shidi” a harshen Marathi tsani ke nan. Akwai tsanin ƙarfe guda uku da aka kafa a jikin dutse, kuma tsakaninsu akwai inda za ka bi gefen dutse kana dafe da shi, ƙasanka rami ne mai zurfi. Da rani hanya ce mai daɗi ga wanda ya saba, ta fi gajarta kuma. Da damina dutsen yakan yi gansakuka, ruwa na bin ƙarfen tsanin, hannu ba ya kama komai da kyau. Shawarata ba ta da kwana-kwana: idan wannan ne zuwanka na farko, bi Ganesh Ghat hawa da sauka. Duk wanda ya ce maka ba ka yi Bhimashankar ba sai ka hau tsani, bar shi da maganarsa, dama a fili guda hanyoyin biyu suke haɗuwa. Wanda ya dage sai Shidi Ghat, to hawa kawai, kada ya kuskura ya sauko ta nan cikin ruwa.

Akwai hanya ta uku ga masu tasowa daga Pune, wadda ke farawa daga ƙauyen Bhorgiri ta gabas. Ta fi duka sauƙi domin ƙauyen dama yana kan tudu, kuma tana bin daji da ƙoramu.

Yini ɗaya zai isa?

Zai isa idan ka yi sammako na gaske. Jirgin ƙasa na cikin gari daga babbar tashar Mumbai zuwa Neral ko Karjat yakan ci wajen awa biyu. Daga can sai ka shiga a-daidaita-sahun haya zuwa Kashele, ka sake wani zuwa Khandas, ko ku haɗa kuɗi ku ɗauki shata. Burinka ƙafarka ta hau hanya kafin ƙarfe takwas na safe. Ka isa sama wajen azahar, ka huta awa ɗaya, ka juyo kafin ƙarfe biyu. Rana ba ta faɗuwa sai wajen bakwai a wannan lokacin, amma cikin daji da hazo tun biyar da rabi ido ke fara gazawa.

Mu da muke zaune a Pune wata dabara muke yi: mu hau ta Khandas, mu sauko a bas ta ɗaya gefen. Hakan ya raba mu da saukowa a kan santsi da gajiyayyun gwiwoyi, wanda a nan ne aka fi faɗuwa.

Akwai hatsari na gaske, ko tsoratarwa ce kawai?

Akwai, kuma ruwa ne. Mutane sukan ji tsoron damisa da maciji, alhali abin da ke kashe masu yawo a waɗannan tsaunuka rafi ne da santsi. Ƙoramar da ka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu, idan aka yi ruwa mai ƙarfi a saman tsauni, cikin 'yan mintuna sai ta kai ƙugu, ko da inda kake ba a ɗiga ba. Alamarta ruwan ya rikiɗe ya yi ja, ya fara kawo ganye da ƙirare, ƙararsa ta canza. Ka ga haka, ka tsaya a tudu ka jira. Yadda yake saurin cika haka yake saurin janyewa. A tafiyarmu ta biyu mun zauna kusan minti 40 a bakin wata ƙorama, ɗan jagoranmu ya ƙi ko kallon masu cewa a gwada, ya kafa wani tsinke a bakin ruwan yana duba shi. Sai da ruwan ya ja baya da tsinken da kamar taƙi guda sannan ya ce mu kama hannun juna mu wuce.

A ranar 30 ga Yuni 2024 ruwa ya tafi da mutum biyar 'yan gida ɗaya, mace da yara huɗu, kusa da madatsar Bhushi a Lonavala, cikin waɗannan tsaunuka. Bayan wannan ne hukumomi suka tsaurara, kuma hukumar gandun daji takan rufe wasu hanyoyi da wuraren zubar ruwa na Bhimashankar idan damina ta yi ƙarfi. Saboda haka ka bincika ko hanya a buɗe take kafin ka fito, kada ka sha tafiya a mayar da kai.

Sai zaftarewar ƙasa. Ƙauyen Malin, wanda ƙasa ta rufta wa a ranar 30 ga Yuli 2014 ta hallaka mutum 151, ba shi da nisa da Bhimashankar. A Yulin 2023 irin haka ta faru a Irshalwadi, cikin gundumar Raigad inda Khandas take. Hukumar hasashen yanayi ta Indiya tana fitar da gargaɗi mai launi ga kowace gunduma. Idan ka ga ja ko ruwan lemo a kan Raigad ko tsaunukan Pune, ka fasa. Tsaunin ba inda za shi.

An ce akwai matsattsaku?

Akwai, musamman inda ganye ya taru ya jiƙe. Na wannan daji ƙanana ne, a ƙasa suke, suna miƙewa tsaye kamar tsinken ashana suna jiran mai wucewa. Ba ka jin cizonsu, sai dai ka cire takalmi ka ga safa ta yi ja. Ba su da dafi. Ka cusa ƙafar wando cikin doguwar safa, kada ka zauna a kan jiƙaƙƙen ganye, ka riƙa duba ƙafa idan an tsaya hutu. Idan ɗaya ya kama, ka sa farce a bakinsa ka ture shi gefe, kada ka fizge. Mutanen ƙauye gishiri suke ƙullawa a tsumma su shafa, nan take ya saki. Wurin zai ɗan jima yana zubar da jini domin yawunsu na hana jini daskarewa, ka wanke ka manna filasta.

Waɗanne dabbobi zan iya gani?

Wanda kowa ke fata shi ne shekru, ƙaton kuregen bishiya wanda shi ne dabbar da jihar Maharashtra ta ɗauka alamarta, kuma domin kare shi musamman aka keɓe gandun. Idan ka san kuregenmu na gona, ka manta da shi. Wannan daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya ya kusa mita guda, bayansa ja mai duhu, cikinsa fari-fari, kuma da wuya ya taka ƙasa. Yana tsalle daga reshe zuwa reshe har tazarar mita 6, yana yin sheƙa da ganye da ƙirare can ƙololuwa kamar ta babban tsuntsu. Yawanci kukansa za ka fara ji, wata ƙara mai sauri kamar ana kaɗa gwangwani. Sau ɗaya na gan shi sosai, yana rataye da ƙafafun baya, kai a ƙasa, yana cin wani ɗan itace da hannu biyu.

Ƙaguwa kam ko'ina, suna tsallaka hanya a karkace. Birai suna nan kusa da haikalin, kuma sun san leda, don haka ka sa abincinka cikin jaka. Damisa na cikin dajin amma tana guje wa mutane da rana. Akwai wani koren maciji mai dafi da ke lafewa a kan reshe, shi ya sa ake duba reshe kafin a kama shi.

Me zan saka, me zan riƙe?

Ka sa a ranka za ka jiƙe, ko me ka saka. Abin nema shi ne kayan da ba sa riƙe ruwa: riga da wando marasa nauyi irin na 'yan ƙwallo, ban da jins, ban da doguwar riga mai kama ƙafa. Takalmi shi ne komai. Ya zama mai ƙasan roba mai tsaga-tsaga wanda ka riga ka saba da shi, ba sabo ba, ba silifa ba. Rigar ruwa ta fi lema domin kana bukatar hannuwanka biyu. Sanda kuwa a ƙauyen za ka samu ta gora da araha.

A jaka: ruwan sha lita 2, dabino ko gyaɗa, tocila, filasta, gishiri, kayan canji cikin leda da aka ƙulle, waya ita ma cikin leda. Ka riƙe tsabar kuɗi domin sabis na ɗaukewa a hanya. Mu baƙi kuma kada mu fita ba kwafin fasfo da biza. Lambar neman agaji a Indiya 112 ce, ta motar asibiti 108.

Akwai abinci a hanya?

A filin tsakiya da kuma sama akwai rumfuna. Za ka samu shayi mai citta, ruwan lemun tsami, da taak, wanda tsala ce aka sa mata gishiri. Akwai poha, shinkafa ce da aka daka ta yi fale-fale aka soya da albasa da gyaɗa. Akwai gasasshiyar masara da ake goga wa lemun tsami da barkono. Idan ka samu bhakri kada ka wuce shi: gurasa ce ta dawa ko gero ko shinkafa, ana ci da wata miya mai kauri ta garin wake da suke kira pithla. Ranar da na fara cin na gero a saman tsaunin, jikina na rawar sanyi, ƙamshinsa gida ya kai ni kai tsaye. Kusa da haikalin ba a sayar da nama.

Dole ne sai da ɗan jagora?

Da damina, eh. Ciyawa na rufe sawu, hazo na ɓoye alamun da aka shafa a duwatsu, kuma akwai ƙananan hanyoyin masu itace da shanu da ke kama da babbar hanya. A Khandas za ka samu samarin ƙauye da suka tashi a kan wannan tsauni. Ku daidaita kuɗi tun a ƙasa, ku biya shi da daɗin rai, kuma idan ya ce a tsaya a tsaya. Kada mutum ya tafi shi kaɗai, kada kuma ayari ya rabu biyu.

Yaya haikalin yake?

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba a kan ƙololuwa yake ba. A cikin kwari yake, sai an sauka matakala sama da 200 tsakanin rumfunan masu sayar da furanni, kwakwa, turaren tsinke da saiwoyin magani. Ginin baƙin dutse ne da aka sassaƙa, da hasumiya irin ta haikalan arewacin Indiya. Nana Phadnavis, babban jami'in daular Maratha a ƙarni na 18, shi ya gina zauren gaba da hasumiyar. A harabar akwai wata ƙatuwar ƙararrawa ta Turawan Fotugal, wadda Chimaji Appa, wani jagoran yaƙin Maratha, ya kawo bayan ya ci ganuwarsu ta Vasai da yaƙi a 1739. Ƙararrawar coci ce asalinta, ga ta yau a ƙofar haikalin Shiva.

A imanin mabiya Hindu, a nan Shiva ya yaƙi wani aljani mai suna Tripurasura, kuma gumin da ya zubo masa bayan yaƙin shi ya zama kogin Bhima. Wannan girmamawa ta shafi dajin kansa. A yankin akwai kurmi-kurmi da ake kira devrai, waɗanda ƙauyuka, musamman na ƙabilar Mahadev Koli, suka keɓe wa abin bautarsu, ba a sa musu gatari tun kaka da kakanni. A cikinsu ne za ka ga manyan bishiyoyin da suka fi tsufa.

Ni Musulmi ne. Ya zan yi idan na isa, kuma ina zan yi sallah?

Hukuncin shiga wurin bautar wasu ka tambayi malaminka tun kafin ka fito, ka zo da natsuwar zuciya. Abin da ni nake yi zan faɗa. Daji nake zuwa gani, kuma idan na isa a harabar waje nake tsayawa, in ga ginin da ƙararrawar, ba na shiga layin masu ibada. Babu wanda ya taɓa tilasta mini komai. Wani lokaci za a miƙo maka prasad, wato alawa ko kwakwar da aka gabatar wa abin bautarsu, ko a so a shafa maka jan gari a goshi. Ka sa hannu a ƙirji, ka yi murmushi, ka ce “nako”, wato a'a da Marathi, ka yi godiya. Suna fahimta.

Su kuma suna da haƙƙi a kanka. Mutanen da za ka gani a layin nan wasu tsofaffi ne da suka yi tafiyar kwana biyu, suna tsaye cikin ruwa ba takalmi. Kada ka yi dariya, kada ka nuna da yatsa, kada ka ɗauki hoton mai ibada ba izini, kuma inda aka ce a cire takalmi a cire. A Indiya akwai haikalan da ba a barin wanda ba Hindu ba ya shiga ko kaɗan, kamar na Jagannath a Puri, saboda haka ko'ina ka je ka karanta allon ƙofa ko ka tambaya.

Sallah kuwa, mu a hanya muke yi, nesa da harabar haikalin, a kan faffaɗan dutse, mu shimfiɗa rigar ruwa. Ruwan alwala ba ya wuya. Abu ɗaya da ke rikita baƙo: mu da muka saba cewa “gabas” muna nufin alƙibla, a nan alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa kaɗan. Da yake rana ba ta fitowa cikin hazo, ka saukar da manhajar alƙibla mai aiki ba intanet tun daga gida.

Akwai ranakun da ya kamata a kauce wa?

Watan Shravan na kalandarsu, wanda galibi yakan faɗo daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta, wata ne na Shiva, kuma Litinin ɗinsa ita ce ranar da jama'a suka fi cika. Layi yakan ci awoyi, motoci su cushe tun daga nesa, bas ɗin komawa ya yi wuyar samu. Asabar da Lahadi ma haka, ga 'yan yawo daga Mumbai. Talata zuwa Alhamis sun fi.

Mata da yara da dattawa fa?

Mata da yawa suna hawa, har da 'yan'uwanmu ɗalibai. Wadda ke sa hijabi ta zaɓi gajere mara nauyi, da riga iya gwiwa a kan wando, domin dogon mayafi idan ya sha ruwa yana nauyi yana kuma kama ƙaya. Yara ƙanana da dattawa da mai ciwon gwiwa ko zuciya su zo a mota, su jira masu hawa a sama. Wanda ya zo Indiya jinya kada ya gwada sai likitansa ya yarda.

Idan na isa da sauran ƙarfi, akwai wani abin gani kusa?

Akwai Gupt Bhimashankar, kamar kilomita 2 a bayan haikalin cikin daji, inda kogin ke ɓullowa a kan duwatsu. Hanyar tana da kyau ƙwarai kuma nan ne aka fi ganin shekru, sai dai farkonta yana ɓata rai saboda leda da robobin da masu ziyara ke zubarwa a rafi. Don Allah abin da ka hau da shi ka sauko da shi. Akwai kuma Nagphani, ƙololuwar da ta fi ko'ina tsayi a wurin, sunanta na nufin fasa kan kumurci saboda siffar dutsen. Idan hazo ya rufe babu abin da za ka gani a can sai fari, ga iska mai ture mutum a bakin rami. Mai niyyar saukowa Khandas a ranar ya bar duka biyun.

Ta yaya zan koma idan na fasa saukowa da ƙafa?

Jajayen bas na gwamnatin jiha suna tashi daga tashar da ke saman matakala zuwa Pune, tafiyar awa uku da rabi zuwa huɗu. Da ka iso, kafin ka nemi shayi, ka fara zuwa tashar ka tambayi lokacin bas na ƙarshe, domin da yamma suna ƙaranci. Idan na Pune ya wuce, ka shiga kowane mai zuwa Manchar, daga can motoci ba sa yankewa a babbar hanyar Nashik zuwa Pune. Ka canza jiƙaƙƙun kaya kafin ka hau, ka duba tsakanin yatsun ƙafa ko wani matsattsaku ya biyo ka, sannan ka kira wanda ka bar wa saƙo a gida ka gaya masa kun fito daji.